Yadda Matafiyi Zai Kalli Tsofaffin Masallatan Istanbul, Alƙahira da Fas

Mutanen Maraɗi ba su da ƙyuyar tafiya. Alhazai da hajiyoyi suna zuwa Istanbul saro tufafi da yadudduka da kayan ɗaki, wasu suna zuwa Alƙahira neman magani ko kai yaro karatu a Azhar, wasu kuma jirginsu kan yada zango a Kasablanka kafin su wuce gaba. Sai dai abin da aka fi gani shi ne mutum ya yi sati guda cur a unguwar Laleli ta Istanbul, daga otal zuwa shago, daga shago zuwa wurin masu aika kaya, ya komo gida bai taka Masallacin Sulaimaniyya ba, alhali tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Kuɗin jirgi an riga an biya, biza an riga an samu, abin da ya rage shi ne a ware kwana ɗaya ko biyu, a kuma san yadda ake kallon gini. Na biyun nan shi ne mai wuya, domin wanda bai san abin da zai duba ba zai shiga masallacin da ya shekara dubu, ya ce Masha Allah, ya ɗauki hoto, ya fito cikin minti goma, kuma in aka tambaye shi bayan wata guda ba zai iya rarrabe shi da wanda ya gani washegari ba.

Akwai maganar niyya, wadda a garinmu ba a tsallake ta. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura sirdi domin neman lada na musamman sai zuwa masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Saboda haka mai zuwa masallacin Ibn Ɗulun ko na Sultan Ahmad ba ya ɗaukar cewa sallarsa a can ta fi ta masallacin unguwarsu. Yana zuwa ne ya ga aikin hannun magabata ya san tarihinsu, kamar yadda Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba. Da yawa daga cikin waɗannan gine-gine akwai kaburbura a cikinsu ko a gefensu, kuma malamanmu sun saɓa a kan hukuncin salla a irin wannan wuri. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun yana gida, kada ya bari sai ya isa bakin ƙofa a ƙasar mutane sannan ya tayar da gardama da abokin tafiya.

A fara koyon kallo tun daga gida

Duk maginin da aka ba aikin masallaci, a Tibiri yake ko a Istanbul, matsala ɗaya ce take gabansa: yaya zai rufe fili mai faɗi wanda zai ɗauki jama'a sahu-sahu ba tare da rufin ya faɗo ba? Maginin Hausa yana da tubali da azarar giginya, kuma azara ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ita kaɗai. Sai ya ƙirƙiro bakan gizo, yana ɗora azara kan azara, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa yana yaɓe da ƙasa, har bakan da ya taso daga bango ɗaya ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Da wannan dabara Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Da ƙasa kuma Falke Barmu ya gina masallacin Yama na jihar Tawa tun daga 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Wanda zai yi tafiya ya samu tsohon zaure na ƙasa, ko a nan gari ko a Birnin Damagaram, ya ɗaga kai ya bi bakan da ido daga tsakiyar rufi har inda nauyin ya sauka a bango. Wannan bin nauyi da ido shi ne aikin da zai yi a ƙasashen waje, sai dai can da dutse aka yi.

Amsoshin da magina suka bayar ba su da yawa. Na farko sun jera ginshiƙai barkatai kamar a Ƙairawan ta Tunisiya da Fas ta Maroko da Kurɗuba ta Sifen, rufin ya yi ƙasa-ƙasa amma ana iya ƙara faɗin masallacin duk lokacin da gari ya bunƙasa. Mamalik, sarakunan da suka mulki Masar a dā, sun fi son tsakar gida a buɗe da manyan soraye huɗu masu buɗaɗɗen gaba suna kallon juna. Turkawan Usmaniyya kuwa sun kwashe ginshiƙan daga tsakiya, suka kifa ƙubba ɗaya babba a kan kowa. Da zarar mutum ya shiga ya gane wace amsa ce a gabansa, sauran abubuwa sai su riƙa faɗowa a mazauninsu.

Hasumiya ma tana faɗin ƙasar da ta fito tun daga nesa. Ta Agadas, mai tsawon mita 27, tana da faɗi a gindi tana tsukewa a sama, kuma itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan masu yaɓe. Ta Magrib mai kusurwa huɗu ce, miƙe sambal, kamar ta Kutubiyya a Marrakesh. Ta Mamalik hawa-hawa ce, kowane hawa da siffarsa da adonsa. Ta Turkiyya siririya ce mai tsinin kai.

Shiri da lokacin shiga

Maganar fasfo da biza da katin rigakafin shawara duk mai tafiya ya san ta, kuma ƙa'idojin suna sauyawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadanci a Yamai maimakon a dogara da abin da wani ya yi bara. Sefa ba ta canzuwa da sauƙi a waɗannan ƙasashe, gara a riƙe yuro tun daga gida. A tafi da takalmi mai sauƙin cirewa wanda kuma zai jure doguwar tafiya a kan dutse, da safa mai kauri, domin marmara a Istanbul cikin watan Janairu tana da sanyin da hunturunmu bai taɓa kaiwa ba. Alƙahira ta fi daɗin yawo daga Oktoba zuwa Afrilu. Tufafinmu na gida, jallabiya ko doguwar riga da hijabi, sun wadatar a ko'ina, kuma sukan sa masu gadi su gane cewa mai salla ne ya zo.

Wannan yana da amfani, saboda a manyan masallatan Istanbul ƙofar masu yawon buɗe ido daban take da ta masu salla, kuma ana dakatar da masu kallo a lokacin kowace salla da safiyar Juma'a har a sauko. Musulmi yana da damar da sauran baƙi ba su da ita: ya shiga ya bi jam'i, in an sallame jama'a sun watse ya zauna. Mintuna ashirin ɗin nan na bayan salla, kafin a sake buɗe wa ayarin masu kallo ƙofa, sun fi awa biyu ta cunkoso. Mafi kyawu kuma ita ce Asuba. In mai gadi ya tare ka, kalmar namaz, wato salla da Turkanci, ta isa. Masallatai biyu a yini sun isa ga mai son ya gani da kyau, uku sun yi yawa, kuma wanda ya jera shida a takarda zai dawo da ciwon ƙafa da hotuna masu kama da juna.

Istanbul

A fara da Ayasofiya, domin ita ce uwar sauran. Sarkin Rum Justiniyan ne ya gina ta a matsayin coci daga 532 zuwa 537, Sultan Muhammadul Fatih ya mayar da ita masallaci da ya ci birnin a 1453, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka koma salla a cikinta a Yulin 2020. Idan ka shiga, kada ka yi saurin ciro waya. Ka tsaya ƙarƙashin ƙubbar, wadda faɗinta ya kai mita 31 kuma tana sama da kai da kimanin mita 55, ka dubi jerin tagogi 40 da suka zagaye gindinta. Haskensu yana ɓoye abin da yake riƙe da ita, har mutum ya ga kamar rataye take. Sai ka bi nauyin: daga ƙubba zuwa manyan bakuna huɗu, daga bakuna zuwa jiga-jigan ginshiƙai huɗu, gaba da baya kuma rabin ƙubba biyu suna tokare da ita. Ƙubbar farko ta rushe a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ƙarin tudu, kuma tokaran da za ka gani jibge a waje an yi ta ƙara su ne cikin ƙarnoni domin bangon yana son buɗewa. Daga nan ka sunkuya ka dubi layukan sahu a kan darduma. Za ka ga sun ɗan karkace, ba su bi bango ba, mihirabin ma ya goce dama daga tsakiya, saboda an gina wurin yana fuskantar gabas ne, alƙibla kuwa tana kudu maso gabas. A sama akwai manyan faifai takwas da aka rataya a ƙarni na 19 ɗauke da sunan Allah da na Manzonsa da halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Hotunan Kirista na zamanin coci suna nan, na wajen alƙibla an sa masa labule, wasu kuma suna bene. A farkon 2024 aka sanya wa baƙi masu hawa benen kuɗin shiga yuro 25, wato kusan sefa 16,400, amma mai salla a ƙasa ba ya biya. Ana yawan gyara a wurin, kada ka yi mamaki in ƙarafa sun tare wani ɓangare.

Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantarta, tsakaninsu lambu ne kawai. An fara shi a 1609, yana da hasumiya shida, kuma tayil fiye da 20,000 na garin Iznik ne suka sa Turawa suke kiransa shuɗin masallaci. Ana ba da leda a ƙofa a saka takalmi a riƙe a hannu. Ya fi kowanne suna da yawan baƙi, amma a ganina bai kai Sulaimaniyya ba, kuma dalilin yana tsaye a fili: ginshiƙansa huɗu, kowanne kaurinsa kusan mita 5, sun cika ido, suna nuna wahalar da suke sha.

Sulaimaniyya aikin Sinan ne, babban maginin daular, wanda ya gina wa Sultan Sulaiman daga 1550 zuwa 1557. Tsarin Ayasofiya ya ɗauka, ƙubba a tsakiya da rabi biyu gaba da baya, amma ya shigar da tokaran cikin bango ya ɓoye su da baranda, ya buɗe gefe da gefe, saboda haka duk inda mutum ya tsaya yana ganin liman kuma haske yana iso shi. Ado kaɗan ne, kuma da gangan. Abin da ɗan kasuwa ya kamata ya fi lura da shi yana waje: masallacin yana tsakiyar makarantu da asibiti da gidan ciyar da talakawa da masaukin baƙi da gidan wanka, duka waƙafi ɗaya. Kabarin Sultan da na matarsa Hurrem suna bayan alƙibla, na Sinan kuwa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa a wajen katanga. Daga farfajiyar arewa ana hangen ruwa da rabin birnin. Tsofaffin shagunan da ke jere gaban masallacin yanzu gidajen abinci ne da suka shahara da dafa wake, kuma Bahaushen da ya gaji da abincin da bai sani ba zai samu sauƙi a nan.

Daga nan a gangara kasuwa wajen Eminonu a nemi masallacin Rustam Pasha, shi ma na Sinan. Yana da wuyar gani domin a saman shaguna yake, ana hawa ta wani siririn matakala mai duhu tsakanin masu sayar da kaya, sai kawai mutum ya ɓullo cikin tayil ja da shuɗi tun daga ƙasa har sama. Shagunan ƙasa an yi su ne domin hayarsu ta riƙe masallacin. Masu gina masallatai a garinmu, waɗanda sukan gama gini su bar kuɗin wuta da ruwa da na ladan a wuyan jama'a, suna da abin dubawa a nan. Wanda ya samu sauran lokaci ya je Ayyub Sultan, inda kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, wanda Manzon Allah ya sauka a gidansa da ya isa Madina. Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1 yana bi ta Laleli da Sultanahmet da Eminonu, kuma da kati ɗaya na Istanbulkart ake hawa shi da bas da jirgin ruwa.

Alƙahira

A Alƙahira cunkoson mota shi ne babban abokin gaba, saboda haka a fita da sassafe, a zaɓi yanki ɗaya a gama shi da ƙafa. Kowa zai kai ka Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara a 970 aka buɗe a 972, da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Je ka, musamman da yake Azhar ya daɗe yana da masauki na musamman domin ɗaliban Barno da sauran ƙasashenmu. Amma wurin da ya fi cancantar safiyarka shi ne masallacin Ahmad Ibn Ɗulun, wanda aka gina daga 876 zuwa 879, kuma galibi za ka tarar da shi kusan babu kowa.

Kafin ka kai ga masallacin kansa sai ka ratsa wani fili tsakanin katanga biyu, wanda aka bari domin ya raba wurin salla da hayaniyar gari, kuma za ka ji a kunnenka yadda ƙarar motoci take mutuwa. A bakin ƙofa masu hidima za su ɗaura maka wani ƙyalle a kan takalmi ko su karɓe shi su ajiye, kuma suna sa ran ɗan ihsani, saboda haka ka tanadi canji. Tsakar gidan murabba'i ce, kowane gefe ya haura mita 90. Babu marmara, babu zinariya. Jan tubali ne da aka gasa aka shafe da farar ƙasa, aka sassaƙa ado a jikin shafen tun yana ɗanye, abin da duk wanda ya taɓa ganin mai zanen bango yana aiki a gidan sarauta zai gane nan take. Ka matsa kusa da ƙarƙashin baka ɗaya ka dubi sassaƙar, sannan ka dubi na kusa da shi, za ka ga zanen ya sauya. Ka dubi tagogin sama masu raga ta farar ƙasa, da ayoyin da aka sassaƙa a katako da rubutun Kufi suna bin ƙarƙashin rufi. Ƙubbar da ke tsakiya ba ta asali ba ce, Sultan Lajin ne ya gina ta a 1296. Hasumiyar matakalarta a waje take, tana nannaɗe da ita, salon garin Samarra na Iraƙi inda Ibn Ɗulun ya tashi. Ana hawa, kuma babu abin dafawa mai kirki a can sama, saboda haka mai jiri ya haƙura.

Daga nan titin Saliba zai kai ka da ƙafa zuwa masallaci da makarantar Sultan Hasan, wadda aka fara a 1356. Maginin ya shirya shigar da gangan: ƙofa mai tsawon gaske, sai lungu mai duhu da kwana, sai kwatsam tsakar gida mai haske da soraye huɗu masu tsawon da ke sa wuya ya gaji. A kusurwoyi huɗu akwai makarantun mazhabobi huɗu, har da ta Malikiyya. A soron alƙibla farkon Suratul Fathi ne yake zagaye da bango da manyan haruffa. Sultan Hasan ya gina wa kansa hubbare a bayan mihirabi, amma an kashe shi a 1361 kafin a gama aikin kuma ba a binne shi a ciki ba. Masallacin Rifa'i da ke daf da shi yana kama da sa'ansa, alhali sai a 1912 aka gama shi, kuma gwada su biyun yana koya wa ido bambancin tsohon aiki da kwaikwayonsa.

In akwai yini na biyu, a bi titin Mu'izz daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, tafiyar kimanin kilomita guda da ke cike da gine-gine, ciki har da na Sultan Ƙalawun na 1284 zuwa 1285 mai haɗe da asibiti. A wannan titi a lura da wani ƙaramin gini da ake kira sabil-kuttab: a ƙasa ɗakin ruwan sha ne na sadaka, a sama makarantar allo ta marayu. Randar da ake ajiyewa a ƙofar gida domin masu wucewa ce aka yi wa ginin dutse aka ɗora mata makaranta a ka.

Fas

Daga Kasablanka jirgin ƙasa yana kai mutum Fas cikin kimanin awa huɗu. Bamaraɗe ba zai ji baƙunta sosai a masallatan Maroko ba, domin mazhabar Malikiyya ce, karatun Warshu ne, rubutun ma dangin na allonmu ne, kuma bayan Asuba da Magariba za ka ji ana karanta hizbi a tare da murya ɗaya. A tsohon birnin mota ba ta shiga, jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, in ka ji an ce balak sai ka manne da bango. A shiga ta Bab Bu Julud a gangara. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Faɗima al-Fihriyya ta kafa a 859, ba ya ganuwa daga waje saboda gidaje da shaguna sun manne masa ta ko'ina, sai dai ka ga ƙofa a buɗe ka hango tsakar gida. A Maroko wanda ba Musulmi ba ba ya shiga masallatai, in ban da kaɗan irin na Hasan na Biyu a Kasablanka da aka buɗe a 1993, don haka a nan ma kana da damar da mafi yawan baƙi ba su da ita, kuma ƙofofin sun fi buɗuwa a lokutan salla. Ciki fari ne fat, bakuna a jere har ido ya gaji.

Adon gaske yana makarantun kwana na ɗalibai, Aɗɗarin ta 1325 da Bu Inaniyya ta wajen 1355, waɗanda ake shiga da tikiti. A dubi bango daga ƙasa zuwa sama: inda jiki da ruwa ke taɓawa an sa tayil da aka yayyanka da hannu aka harhaɗa, sama da shi farar ƙasa ce sassaƙaƙƙiya, can sama kuma katako. Kowane abu an ajiye shi inda zai daɗe. A hau bene a leƙa ɗakunan ɗaliban, waɗanda ƙanƙantarsu da duhunsu ba su yi kama da tsakar gidan ba ko kaɗan. Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a 1815, tana cikin wannan birni, kuma a can za ka haɗu da ƴan Afirka ta Yamma da yawa.

Ƴan jagora, hoto da wuraren ibadar wasu

A biranen nan uku akwai masu neman na abinci a jikin baƙo. Wani zai ce maka masallacin a rufe yake, ka zo ka ga shagon darduma na ɗan'uwansa kafin a buɗe. Ka je ƙofa ka gani da idonka. A Fas samari za su bi ka suna cewa hanyar ba ta ɓullewa. A Alƙahira wani zai buɗe maka ƙofar hasumiya sannan ya faɗi kuɗi bayan ka sauko. Maganin duka ɗaya ne, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa: a yi ciniki kafin aiki. Ɗan jagora mai katin hukuma yana da amfani a Fas a yinin farko, amma ka gaya masa tun farko cewa gini ka zo gani, sayayya ka riga ka gama. A cikin masallaci a kashe ƙarar waya, kada a ɗauki hoton mai salla ko mata, kada a tsaya gaban mihirabi ana gyara hula ana bidiyo da murya sama. A Masar a guji ɗaukar hoton ƴan sanda da sojoji da wuraren da suke gadi. Hajiya ta sani cewa wurin sallar mata yakan kasance a baya ko a bene, kuma in tana son ganin tsakiyar ginin sosai, tsakanin salloli ne lokacinta.

Tsofaffin biranen nan ba na Musulmi kaɗai ba ne. A Tsohuwar Alƙahira, kusa da masallacin Amru ɗan Asi wanda shi ne na farko a Masar, akwai cocin Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ake kira Mu'allaƙa, wadda aka ɗora a kan ƙofar wata tsohuwar ganuwar Rumawa, kuma sassaƙar katakonta da ta mumbarorin masallatan birnin dangi ɗaya ce. Wanda ya zaɓi shiga irin wannan wuri ya shiga da ladabin da yake so a yi wa masallacinsa: ya rage murya, namiji ya lura ko ana cire hula, kada ya nuna hoto da yatsa yana dariya, in ana ibada ya jira ko ya fita.

Wanda Allah ya ba bizar Turai har ya isa Sifen, Kurɗuba tana ƙasa da awa biyu daga Madrid a jirgin ƙasa mai sauri. Abdurrahman na Farko ya fara masallacinta a 785 da ginshiƙan da aka kwaso daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da waɗanda suka gaje su. Ginshiƙan gajeru ne, rufi zai yi ƙasa da yawa, sai maginin ya ɗora baka a kan baka, jan tubali da farin dutse bi da bi, ya samu tsawon da yake nema. Fiye da ginshiƙai 850 suna nan tsaye, kuma mihirabin da Halifa Hakam na Biyu ya ƙawata a ƙarni na 10 yana nan da ruwan zinariyarsa. Ginin ya koma coci tun 1236, a ƙarni na 16 kuma aka fasa tsakiyarsa aka dasa wata babbar majami'a a ciki. Ana shiga da tikiti, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi suna tsayar da duk wanda suka ga ya tayar da kabbara ko ya yi sujada. A duba lokacin salla kafin a sayi tikitin, a yi ta a masauki ko a ɗaya daga cikin ƙananan masallatan garin, sannan a shiga.